Babi na Shida: Injin Naka Ne, Wa Ke Zaɓa Maka Gahawa?

Kwanson gahawa na Nespresso ɗan ƙaramin abu ne. Tsayinsa kimanin santimita 3, jikinsa na alminiyam, a cikinsa garin gahawa giram 5 zuwa 6. Ka jefa shi a bakin inji, ka sauke marfi, ka danna maɓalli. Kafin rabin minti ɗan finjali ya cika da baƙar gahawa mai kauri, da kumfa ruwan ƙasa kwance a samanta. Ba awo, ba niƙa, ba wanke-wanke. Da ka sake ɗaga marfin sai kwanson ya faɗa wani ɗan akwati a cikin injin, aikinsa ya ƙare ke nan. Wannan sauƙin ne ya shigar da injin gidajen miliyoyin mutane a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, shi ne kuma yake jan hankalin matafiyanmu idan suka tarar da shi a ɗakin otal a Dubai ko Landan, har wasu su sayo su taho da shi gida.

Amma duk wanda ya yi 'yan watanni da injin zai fara lissafi. Kwali mai kwanso goma ba ya kai kwana uku a gidan da mutum biyu ke sha safe da yamma. Kwandon shara yana ta cika da alminiyam mai ƙyalli. Gahawar da ke ciki kuwa wani ne can ya zaɓa, ya soya, ya niƙa, ya rufe, ya kuma yanka mata farashi. Wannan lissafin ne ya haifi kwanson da ake sake cikawa: ɗan ƙoƙo na ƙarfe mara tsatsa, irin ƙarfen kwanukan silba, mai siffa ɗaya da kwanson kamfani, wanda mutum zai ɗura wa garin da ya ga dama, ya sha, ya wanke, gobe ya sake ɗurawa. Na ware masa babi guda ne saboda tambayar da yake tayarwa ta fi shi girma. Idan ka sayi na'ura da kuɗinka, wa ke da ikon faɗin abin da za ka sa mata?

Labarin ya faro ne a 1975, lokacin da wani matashin injiniya ɗan Suwizalan mai suna Eric Favre, ma'aikacin kamfanin Nestlé, ya yi ta zagaya shagunan gahawa na Italiya tare da matarsa Anna-Maria, 'yar ƙasar. A birnin Rum ya lura da wani shago, Sant'Eustachio, wanda cinikinsa ya fi na maƙwabta nesa ba kusa ba. Da ya zura ido sai ya ga mai haɗa gahawar ba ya jan hannun injin sau ɗaya ya saki kamar yadda saura ke yi. Ɗagawa yake yana saukewa a kai a kai, iska na shiga garin tare da ruwan zafi, ƙamshi da kumfa suna ƙaruwa. Favre ya koma gida da tunanin kulle gari da iska a cikin rufaffen kwanso, yadda wanda bai taɓa koyon sana'ar ba zai iya samun irin wannan finjali. An yi rajistar mallakar fasahar a 1976, amma sai da aka shekara goma, a 1986, kafin Nestlé ta kafa kamfanin Nespresso ta fara sayarwa, kuma ofisoshi aka nufa da kayan, a Suwizalan da Italiya da Japan. Ciniki bai tashi ba.

Wanda ya juya akalar shi ne Jean-Paul Gaillard, da ya zo a 1988 daga kamfanin taba na Philip Morris. Ya rabu da ofisoshi ya fuskanci gidajen masu hali. Injin dai wasu kamfanoni ne ke ƙerawa su kai shaguna, amma kwanson ya riƙe shi gam: ba a samunsa a kantin unguwa, sai mutum ya shiga kulob ɗin kamfanin ya aika oda. A 2000 aka buɗe kantin farko a Paris, a 2006 kuma ɗan fim George Clooney ya zama fuskar tallar. Dabarar a fili take. Injin sau ɗaya ake saye, kwanso kuwa kullum ne. Tamkar a sayar maka da jaki da rahusa ne, bisa sharaɗin ba zai ci harawar kowa ba sai ta wanda ya sayar maka da shi.

A 2012 jaridar New York Times ta buga wani lissafi mai sauƙi. Kwali mai kwanso goma dala 5.70 ne a lokacin, kowane kwanso giram 5, wato kusan dala 51 ke nan kowace laba, alhali gahawa ta garari a shagunan masu soyawa ba ta kai rabin wannan kuɗi ba. Mai karatu na iya yin nasa lissafin a duk inda yake. Kilo ɗaya na gari yana cika kwanso 200. Ka ninka kuɗin kwanso guda sau 200, sannan ka je ka tambayi kuɗin kilon gahawa a kasuwa. Ratar da za ka gani ita ce kuɗin alminiyam da talla da kantuna masu ƙyalli, da kuma kuɗin hutun da aka sayar maka.

Inda riba ta kai haka, dole wasu su nemi shiga. A 2010 kamfanin Sara Lee ya zuba kwanson L'OR a manyan kantunan Faransa, wanda yake shiga injin Nespresso daidai. Gaillard da kansa, wanda ya daɗe da barin Nespresso, ya kafa Ethical Coffee Company a 2008 yana yin kwanso mai ruɓewa a ƙasa. Nestlé ta shigar da ƙara a ƙasashe da dama, a daidai lokacin da manyan takardunta na mallakar fasaha suka fara ƙarewa a 2012. A watan Afrilun 2013 babbar kotun Ingila ta ba wani ƙaramin kamfani mai suna Dualit gaskiya, ta ce kwansonsa bai keta haƙƙin kowa ba. A 2014 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta sa Nespresso ta ɗauki alkawura a rubuce: za ta sanar da abokan gasa duk wani canji a ƙirar injin wata huɗu kafin ya shiga kasuwa, za ta daina tsoratar da masu saye game da kwanson wasu, kuma garanti ba zai faɗi ba don kawai mutum ya sa wani kwanso, sai in shi ne ya jawo lalacewar. Abin da ya kai hukumar ga wannan shi ne ƙorafin cewa ana ta yi wa injin 'yan gyare-gyare waɗanda ke sa kwanson wasu ya daina aiki.

A Amurka abin ya fi haka fitowa fili. Can kamfanin Keurig ne ke riƙe da kasuwa da kwansonsa na roba, K-Cup, wanda ke ba da babban kofi na gahawa mara kauri. Da takardar mallakarsa ta ƙare a 2012, sai ya fito da sabon inji a 2014, Keurig 2.0, mai ido da ke karanta wani tawada a marfin kwanso. In bai ga tawadan ba, ba zai tashi ba. Har kwanson da ake sake cikawa na kamfanin kansa, My K-Cup, injin ya ƙi shi. Mutane suka fusata. Wasu suka riƙa yanke marfin tsohon kwanso suna liƙa shi a kan idon injin, ciniki kuma ya faɗi. A watan Mayun 2015 shugaban kamfanin, Brian Kelley, ya amsa cewa sun yi kuskure, aka dawo da My K-Cup. A wannan shekarar ce John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro K-Cup ya kuma sayar da kasonsa a 1997 kan dala 50,000, ya gaya wa mujallar The Atlantic cewa wani lokaci yakan yi nadamar abin da ya ƙirƙira, kuma shi kansa ba shi da injin a gidansa.

Nespresso ma ta sake wata ƙira a 2014, mai suna Vertuo, wadda ke juya kwanso har sau 7,000 a minti, tana kuma karanta wani zane mai layi-layi a ƙarƙashin bakinsa. Masu wannan injin suna da tasu dabarar: su yanke marfin tsohon kwanso, su wanke, su cika, su liƙa sabon marfi, tunda zanen yana nan a jikinsa. Abin da zan faɗa daga nan ya shafi tsohuwar ƙirar ce, mai ƙaramin kwanso, domin ita ta fi yawa a hannun mutane.

Kafin mutum ya sa ƙarfe a injinsa, ya kamata ya san abin da ke faruwa a ciki cikin wannan rabin minti. Idan aka sauke marfi, wasu 'yan wuƙaƙe uku suna huda gindin kwanson, wato ɓangaren da ya tsuke. Famfo ya turo ruwan da ya kusa tafasa ta nan. Ruwan ba shi da mafita, domin ɗaya ɓangaren a liƙe yake da siririyar takardar alminiyam, bakin kwanson kuma yana da ɗan zoben roba da ke hana yoyo. Sai matsi ya yi ta taruwa, takardar ta kumbura ta danne wani faranti mai ƙananan tsinaye, har ta ɓarke a wurare da yawa, gahawa ta fito. A jikin kwalin injin za ka ga an rubuta bar 19. Bar ma'aunin matsi ne, wannan kuma iyakar ƙarfin famfon ne. Injunan shagunan Italiya, tun daga Faema E61 ta 1961, a kan bar 9 suke aiki. Abin lura shi ne ɗan jinkirin nan kafin takardar ta ɓarke. A cikinsa ne garin ke jiƙa gaba ɗaya, kuma fitowar gahawa da ƙarfi ta waɗannan 'yan ƙofofi tana ƙara kumfar da ake gani a finjali.

Ƙarfe ba ya hujuwa, don haka da ramukansa ake ƙera kwanson ƙarfe, kuma a masu kyau an ɗan gajarta gindin ko an lotsa shi yadda wuƙaƙen injin ba za su ci karo da shi ba. Wannan ne ya sa dole a duba sunan ƙirar injin kafin a saya. Kwanson da ya zauna daidai a wani injin yana iya hana marfin wani rufuwa, kuma in marfi ya ƙi sauka kada a yi masa ƙarfi. Shi kansa marfin kwanson iri biyu ne. Akwai na ƙarfe mai ƙananan ramuka, wanda ake murɗawa ko a danna, ba abin da ake yarwa. Akwai kuma takardar alminiyam mai gam da ake liƙawa a kowane cikawa. Ta biyun tana dawo da wancan jinkiri da ɓarkewa, don haka kumfarta ta fi yawa kuma ta fi yafe wa sabon shiga, sai dai kullum akwai abin saye da abin yarwa, ko da kaɗan ne.

Da marfin ƙarfe, ramuka a buɗe suke tun farko. Babu abin da zai tare ruwa sai garin kansa, kuma nan ne duk wuyar aikin take. Idan garin ɓarzajje ne, ruwa zai wuce fuu cikin 'yan daƙiƙoƙi, abin da zai sauka a finjali tsararo ne mai launin shayi, mai tsami, ba kumfa. Idan ya yi laushi da yawa, famfo zai yi ta gurnani, gahawa na sauka ɗis-ɗis da ɗaci, ruwan da ya rasa hanya kuma ya zagaya ta gefe ya taru a akwatin ƙasa. Daidai ɗin yana tsakani, kuma tazarar ba ta da faɗi: laushin ya fi na sukari, bai kai na fulawa ba. Kamfani da manyan injunan masana'anta yake niƙa tasa, kowace ƙwaya kusan girma ɗaya, an kuma auna ta da ƙarfin injin. Wanda ya ɗauki kwanson ƙarfe ya karɓi wannan aikin ne a hannunsa.

Shi ya sa nake cewa injin niƙa ya fi kwanson muhimmanci. Ɗan injin nan mai wuƙa, mai aiki irin na bilenda, sara yake yi. Wani ɓangaren ya zama ƙura, wani ya tsaya tsaki. Ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi, sai ya buɗe hanya guda a tsakiyar garin ya wuce, ya wanke wani wuri har ya yi ɗaci, ya bar wani wuri ko jiƙa bai yi sosai ba. Abin da ake buƙata shi ne mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu, wanda ake iya matse ratarsa ko a sassauta. Na hannu ma ya wadatar, ba ya neman wuta, kuma giram 5 ba ya ɗaukar minti guda ana juyawa.

Cikawar kanta ba ta da wuya. A zuba gari har baki, a bubbuga gindin a kan tebur don ya zauna, a ƙara kaɗan, sannan a danna a hankali da ɗan madannin da ke zuwa tare da kwanson. A hankali na ce, domin wanda ya saba ganin masu shago suna danne gari da ƙarfin kafaɗa zai so ya kwaikwaya, ya toshe injinsa. A goge bakin kwanson tas kafin a rufe, saboda ƙwayar gari ɗaya a kan zoben roba ta isa ta buɗe hanyar yoyo. Sai a sa ido a kan agogo. Abin da ake nema shi ne mililita 25 zuwa 30 cikin daƙiƙa 20 zuwa 25. In ta yi sauri a ƙara laushi, in ta yi nawa a rage. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza laushi da yawan gari da ƙarfin danni duk a tashi ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba.

Akwai wani gibi da ya kamata a sani tun da wuri. Bangon ƙarfe ya fi na alminiyam kauri, don haka kwanson ƙarfe yakan ɗauki giram 4 zuwa 5 ne kawai, alhali esfireson Italiya na asali, wato baƙar gahawa mai kauri ta ɗan finjali, giram 7 ne. Maɓallan injin kuwa an saita su a kan mililita 40 da mililita 110. Idan aka tura ruwa mililita 110 ta cikin giram 4, duk abin da ke da daɗi ya riga ya fita tun a kashi ɗaya cikin uku na farko, saura ɗaci ne da ruwa. Mai son babban kofi ya tsayar da injin da wuri ya ƙara ruwan zafi daga buta, ko ya yi kwanso biyu.

Sai maganar wace gahawa. Yawancinmu da Nescafé ta mai shayi muka fara sanin gahawa, to ita ba ta shiga kwanso ko kusa. An riga an dafa ta an busar, narkewa take yi, za ta zama kunu ta toshe ramuka. Gahawar Larabawa da alhazai ke kawowa daga Saudiyya an soya ta sama-sama, niƙanta da tsaki, an kuma haɗa ta da kayan ƙamshi; ta tukunya ce, a injin za ta fito da tsami. Ta Turkawa kuwa laushinta ya wuce misali. Abin da ya dace shi ne ƙwayar da aka soya ta yi duhu ko ta kusa, domin ita ta fi saurin ba da abin da ke cikinta a wannan ɗan lokaci. In aka haɗa nau'in arabika da ɗan nau'in robusta, kumfa za ta ƙaru kuma finjalin zai yi nauyi a baki, amma a tuna sinadarin da ke hana barci a robusta ya kusa ninka na arabika.

Kumfar nan da ake ta so, iskar kabon ce da suya ta kulle a cikin ƙwaya. Tun daga ranar da aka soya take fita a hankali, da an niƙa kuwa sai ta tsere da sauri, ƙamshi ya bi ta. A nan kwanson kamfani yana da fifiko na gaske, domin a rufe yake ruf, iska ba ta shiga, yana iya yin watanni bai sauya ba. Amma duk rufinsa bai kai ƙwayar da aka soya mako biyu da suka wuce, aka niƙa yanzu-yanzu ba. Wanda ya sayi niƙaƙƙen gari da ya yi wata shida a kanta ya ɗura a kwanson ƙarfe, ya sha wahalar aikin bai ci ribarsa ba. Haka ma wanda ya cika na mako guda ya jera, tunda ramukan a buɗe suke.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa mutane su gaji su jefa kwanson a durowa. Yana fitowa da zafin da zai ƙona yatsa. Yana faɗawa akwati ɗaya da sauran kwanson da aka sha, kuma a gidan da wani ne ke zubar da shara yana da sauƙin tafiya bola. Dole a ƙwanƙwashe tukar, a wanke, a bi ramukan da ɗan buroshi, a bari ya bushe, domin man gahawa in ya kwana yana yin wari, kuma wannan warin zai shiga finjali na gaba. Zoben robar yana gajiya, sai an sauya. In baƙi shida suka zo, kwanso ɗaya ba zai fid da kai kunya ba. Biyu ko uku ake saye. Aikin da ke ɗaukar rabin minti ya koma minti huɗu ko biyar. Masu talla ba su cika faɗin wannan ba, ni kuwa ina ganin faɗinsa wajibi ne, domin an ƙirƙiro kwanso ne don a kawar da daidai wannan aikin.

Da yawa suna zuwa ga kwanson ƙarfe ne saboda muhalli, kuma damuwarsu tana da tushe. Alminiyam daga wata jar ƙasa ake samunsa, wadda Gini ke cikin manyan masu haƙo ta a duniya, kuma narkar da shi karo na farko yana cin wutar lantarki mai yawan gaske. Sake narkar da tsoho kuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari na wannan wutar yake buƙata. Nespresso ta fara karɓar tsohon kwanso a Suwizalan tun 1991, amma sai mai sha ya tara ya mayar, kuma in aka jefa shi cikin sauran shara ƙanƙantarsa takan sa ya zille wa injunan tantancewa. A watan Janairun 2016 birnin Hamburg na Jamus ya hana a sayi irin wannan kwanso da kuɗin gwamnati a ofisoshinsa. A garuruwanmu kuwa, inda babu mai karɓa, kowane kwanso bola ko kwata ce makomarsa.

Sai dai lissafin bai tsaya a kan abin da ido ke gani ba. A farkon 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Quebec da ke Chicoutimi a Kanada sun nuna cewa noman gahawar da sarrafa ta, da takin zamani da ban-ruwa da sauransu, shi ke ɗaukar kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya a kowane kofi. A lissafinsu, gahawar da ake tacewa da takarda tana iya fin ta kwanso ɓarna, saboda garin da ake zubawa ya fi yawa, ga wutar dafa ruwa da riƙe zafi. Wannan bai wanke kwanson alminiyam ba, amma ya nuna inda nauyin yake. Kwanson ƙarfe ya haɗa alheri biyu: gari kaɗan yake ci, kuma ba a yar da shi. Sharaɗin dai shi ne a yi ta amfani da shi shekara da shekaru, domin ƙera ƙarfen ma ya ci wuta. Wanda aka saya aka gwada mako guda aka ajiye ƙari ne a kan ɓarna.

Ni dai dalilin da ya fi kama ni wani ne daban. Suwizalan ba ta noma gahawa, amma tana sahun gaba a duniya wajen kuɗin da ake samu daga fitar da soyayyar gahawa, kuma kwanson Nespresso daga masana'antu uku yake fitowa, a Orbe da Avenches da Romont, duk a cikin ƙasar. Ɗanyar ƙwaya ta bar Habasha ko Yuganda ko Kolombiya da arha, a soya ta a gindin tsaunukan Turai, a rufe, ta dawo Afirka da tsada ninkin-ba-ninkin. Kusan duk ƙarin darajar can ake yin sa, can kuma kuɗin ke zama. Mai kwanson ƙarfe yana da damar karya wannan zagaye a ɗakin girkinsa. Yana iya sayen ƙwayar Sidama ko Yirgacheffe daga hannun wanda ya soya ta a Adis Ababa, ko ta Ruwanda, ko ta yammacin Kamaru, ko arabikar tsaunin Mambila a jihar Taraba, wadda manomanta suka daɗe suna neman kasuwa. Giram 5 ba wani abu ba ne, amma giram 10 a kullum ya haura kilo uku da rabi a shekara, daga mutum ɗaya.

Ga wanda zai yi amfani da injin a ƙasashenmu, akwai abubuwa uku da ba su shafi kwanso ba amma suna iya kashe injin. Yana jan wuta wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin da yake dafa ruwa, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Wanda aka sayo daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230, in aka jona shi kai tsaye ya ƙone. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma a wurare da yawa yana barin farin dutse a cikin bututu, wanda ke rage zafi da ƙarfin famfo, har a ɗora wa kwanson ƙarfe laifin da ba nasa ba. A yi amfani da tataccen ruwa, a kuma wanke cikin injin da maganin narkar da dutsen bayan 'yan watanni.

Wanda bai sayi inji ba tukuna, kuma gahawa mai kauri kawai yake so, ba na ba shi shawarar ya fara daga nan. Tukunyar moka da Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933 tana hawa kan risho ko gas, ba ta neman lantarki ko kwanso, kuma tana shekaru ba abin da ake sauya mata sai zoben roba. Matsinta bai kai na esfireso ba, kumfarta kaɗan ce, amma tana ɗaukar gari fiye da kwanso kuma finjalinta yana da ƙarfi.

Wanda kuwa injin ya riga ya shiga gidansa, ina roƙonsa kafin ya sake aika a sayo masa kwali daga waje, ya nemi kwanson ƙarfe biyu da suka dace da ƙirar injinsa, da injin niƙa na hannu mai haƙora, ya ba kansa mako biyu na gwaji ba tare da gajen haƙuri ba. In kuma ka je sayen ƙwayar, ɗan'uwa, ka tambayi mai sayarwa abu biyu: a ina aka noma ta, kuma yaushe aka soya ta. Wanda ya kasa ba ka amsar waɗannan, kada ka saya a wurinsa.